Turmin Tabawa da Igamar Musbahu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu harshe, kuma zai tambaye mu abin da muka yi da shi. Rubuta mini labarin Tabawa ta Manfuha da ɗanta Musbahu yadda na faɗa, kada ka gyara mini magana.

Tabawa mutuniyar wani ƙauye ce a bayan Gumel. Ita da mijinta Dabo, Allah Ya jiƙansa, sun taho aikin hajji tun ana tahowa ta ƙasa, suka bar ɗansu na fari a hannun kakarsa da niyyar da sun sauke farali su koma. Ba su koma ba. Dabo magini ne, kuma lokacin Riyad duk ginin ƙasa ce kamar ta gida. Wani Balarabe mai kwangilar gini, ana ce masa Abu Hamad, ya ga aikin hannunsa a Makka ya taho da shi Riyad, ya tsaya masa kafili, wato mutumin da takardar zamanka take rataye da sunansa. In ya ce ka zauna ka zauna, in ya ce ka tafi jirgi na jiranka. Ya saukar da su a wani tsohon gidansa a unguwar Manfuha, ɗakuna kewaye da tsakar gida, duk ma'aikatansa ne a ciki. Tabawa tana ɗakin ƙurya, da labule a ƙofa da ɗan katangar da ta raba madafinta da mazan, tana yi musu tuwo da fura.

Da Dabo ya rasu, Abu Hamad bai kore ta ba. Ya ce a kawo ɗan ya maye gurbin uban. A shekarun nan ne na saba'in da kuɗin mai suka ɓarke, ana rushe gidajen ƙasa na tsohuwar unguwar Dira ana ɗora na siminti, duk inda ka waiga ƙura ce da ƙarar inji. Musbahu ya sauka a jirgi, saurayi dogo mai faɗin kafaɗa, yaron da ta bari yana tatata. Aka yi masa igama, wato takardar zama, aka rataya zaman Tabawa a jikin tasa. Ka ga ke nan in tasa ta faɗi, tata ta faɗi.

Tabawa mace ce mai riƙon addini da alkunya. Ba ta taɓa kama sunan Musbahu ba, don ɗan fari ne. Sai dai ta ce "kai", in kuma da wani take magana ta ce "wancan". Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama inda ake yabonsa. Duk daɗewarta a ƙasar, Larabcinta bai wuce na salla da na sayen gishiri ba, domin daga madafi sai darduma take. In Balarabe ya yi mata magana, sai ta tsinci kalma ɗaya da ta yi kama da tamu ta riƙe ta gam.

Shi kuwa Musbahu abin da bai zo da shi a jaka ba ya zo da shi a maƙogwaro. A ƙauye wurin kawunsa Jibrin ya fi zama, makaɗin noma, mai bin gayya da ganga yana zuga manoma. Tun yana ƙarami shi ke yi wa kawun amshi, har ya zama in ya buɗe murya a bakin gona tsofaffi kan ajiye fartanya su saurara. Kafin ya taso Tabawa ta aika masa da saƙo ta bakin wani alhaji, cewa in zai zo ya bar gangar a inda ya same ta. Ya bar ta. Ba don ra'ayinta kaɗai ta faɗa ba. Abu Hamad dattijo ne mai gemu ja da lalle, ba ya zalunci a kan haƙƙin ma'aikaci, amma abu biyu ya ce ba a gidansa ba: taba da kayan kiɗa. Kowa a gidan ya san labarin wani mutumin Yaman mai fenti da aka samu da irin molon nan na Larabawa a ƙarƙashin katifa. Ba a zage shi ba, ba a dake shi ba. Abu Hamad ya karɓi igamarsa kawai, kafin wata Juma'a an buga masa huruj, takardar fita wadda ba dawowa.

To, akwai Maikuɗi a gidan, direban wanet ɗin Abu Hamad, ƙaramar motar ɗaukar siminti. Mutumin Maraɗi ne, bakinsa ba ya hutawa, sunan ne kawai na kuɗi. Shi ya sayo rikoda a kasuwar Baɗaha, irin mai hannu a sama. Da farko abin alheri aka yi da ita. Yawancinsu ba sa rubutu, sai kowa ya zauna ya yi wa iyalinsa gaisuwa a kaset, a ba alhazai masu komawa. Ranar da aka zo kan Musbahu, ya fara gaida kakarsa, ya tambayi gonar bayan gari, ya tambayi ko an yi shuka, sai muryar ta karye masa, gaisuwar ta juye ta zama waƙa:

Geron Iya ya yi kai,
ni ina Riyad ina ɗaukar bulo,
wa zai korar mata tsuntsu?

Cikin ƙartin mazan da suka wuni suna kwaɓa kankare har da mai share ido da hannun riga. Maikuɗi ya ce wallahi wannan kaset ba zai tafi gida shi kaɗai ba, sai ya yi ƙanne. Ya kai wa wani mai shago aka zuba shi a wasu. Daga nan abin ya zama na kowace Juma'a bayan la'asar, ranar da ba aiki, har waƙar geron ma aka sake ɗauka. Musbahu ya zauna a gindin katangar madafi, Maikuɗi ya ajiye rikoda a kan bulo. Kafin a danna sai Musbahu ya ɗaga murya ya ce, "Inna, ba ki fara dakan ba?" Ita a zatonta kwaɗayin fura ne. Sai ta zuba gero a turminta, wanda wani kafinta ɗan Sudan ya sassaƙa mata a unguwar Gubaira, ta kama daka, tana jin muryarsa ta bayan katanga tana istigfari a zuci. Ba ta so, amma ba ta hana ba. Ta ce murya ce kawai, kuma gona yake kira da damina, ba matan mutane ba.

Abin da ya fara hana ta sukuni shi ne ranar da ta ji kaset ɗin daga gidan maƙwabta. Muryar tasa ce, ba shakka. Amma a ƙarƙashin muryar akwai kiɗa, wani abu mai zurfi yana dim, dim, dim, ba gaggawa, ba jinkiri. Da maza suka fita aiki ta shiga ɗakinsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga katifa, ta zazzage jaka, ta leƙa bayan buhunan siminti. Ba ganga. Da ya dawo ta tambaye shi ba tare da ta dube shi ba. Ya rantse mata hannunsa bai taɓa fatar ganga ba tun da ya sauka ƙasar nan, yana faɗa yana danne murmushi. Murmushin nan ya fi komai damunta. Kunnenta ya ji, ɗanta ya rantse, ta rasa wanda za ta ƙaryata.

Kaset kuwa ya yi ƙafa. Direbobi suna sawa a mota, masu gadi suna sawa a bakin ƙofa, har 'yan makaranta masu karatun addini suna ji a ɓoye. Wata rana Abu Hamad ya shiga wanet ɗinsa a wurin aiki don ɗauko wani abu, ya tarar da kaset a ciki, ya danna. Ya tambayi Maikuɗi muryar wane ne. Maikuɗi ya ce wani ne can a Nijeriya, bai ma san sunansa ba. Dattijon ya zare kaset ɗin ya jefa a aljihu.

Da hantsi ya zo gidan Manfuha, lokacin ba kowa sai Tabawa. Ya buga ƙofa, ta ja mayafi ta tsaya ta ciki, ƙofar a ɗan buɗe. Ya yi sallama ta amsa. Ya yi magana mai tsawo, ba ta tsinci komai ba sai sunan ɗanta da kalma ɗaya da ya maimaita yana nuna ɗakin mazan.

"Ya Hajja, Musbah... gina?"

Zuciyarta ta yi fari. Ta ɗauka ya zo ne ya ji ko yaron ya kai a ɗaga shi daga ɗaukar bulo a ba shi cokalin gini, kamar ubansa. Ta san ba a yabon ɗan fari. Amma ta duba ba Bahaushe ko ɗaya a kusa, ta ce a ranta yau ɗaya dai, Allah Ya yafe. Ta tattaro duk Larabcin da ta mallaka.

"Na'am, gina. Gina kasir. Kullu yaum gina."

Wato gini da yawa, kullum gini. Ya sake tambaya, a hankali, kamar mai ba ta damar janyewa. Ta ƙara ƙarfafawa. Ta nuna gabas ta nuna yamma, wato tun safe har faɗuwar rana. Don ta cika masa mudu ta ce ai gado ne, ubansa ma haka yake.

"Dabo gina. Musbah..." ta kusa kama sunan ta haɗiye, ta ce yaro da Larabci, "walad gina."

Ta ga dattijon ya ja da baya ya kama gemunsa. Ya ce la haula wa la ƙuwwata, ya maimaita sunan Dabo sau biyu, ya juya ya tafi ba sallama. Ta rufe ƙofa tana cewa Allah sarki, ya tuna da amininsa.

Da magariba mazan suka dawo ba hayaniyar da aka saba. Musbahu ya zauna a gindin katanga bai taɓa tuwon ba. Maikuɗi ne ya faɗa mata ta bayan labule, cewa Abu Hamad ya je wurin aiki ya karɓi igamar Musbahu a gaban kowa, ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zai zo gidan a gama magana. Tabawa ta ce ai kuwa ba abin tsoro ba ne, ya zo da hantsi, kuma ita ta ba da shaida mai kyau. Ta faɗi yadda aka yi, tana jin kunya tana faɗa.

Can Musbahu ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Inna, a bakinsu gina ba gini ba ne. Waƙa ce."

Ya yi mata bayani, harafin farkon daga maƙogwaro suke fito da shi, mu kunnenmu ba ya rabewa, su kuma in mun faɗi namu nasu suke ji. Ta zauna daɓas a kan tabarma. Da bakinta ta ce wa kafili ɗanta mawaƙi ne, kullum, tun safe har dare. Da bakinta ta mai da mijinta da ke kabari mawaƙi, mutumin da ko tafi bai taɓa yi a biki ba. Sau ɗaya a rayuwarta ta yabi ɗanta, ga abin da yabon ya haifa.

Maikuɗi ya fi kowa saurin farfaɗowa. Ya ce ai wannan ma ita ce mafita. Kuskuren harshe ne, kuma gaskiya ne kuskure ne. A samo mai Larabci ya warware wa dattijon kalmar, ya yi dariya, a ce muryar kaset ta wani ce a Nijeriya kamar yadda ya faɗa tun farko, shi ke nan. Ya kwashe rikoda da sauran kaset ya kai Gubaira ya ɓoye. Ya bi mazan gidan ɗaya bayan ɗaya kowa ya yarda zai yi shiru. Sannan ya zo ya tsuguna a bakin labule.

"Inna Tabawa, ke ba mu ce ki yi ƙarya ba. Abin da kika nufa ran nan shi za ki faɗa, gini. In ya ƙara wata tambaya, ki ce a'a kawai. Kalma ɗaya ce, ko akuya tana iya faɗinta."

Ta ce akuya ba za a tashe ta a tambaye ta ba.

Ya ce to ta zaɓa, a'a ɗaya ko jirgi.

Kwanakin da suka rage ba ta san yadda suka wuce ba. Tuwo ya ƙone mata, ta zuba gishiri a fura. In ta idar da salla sai ta zauna tana jujjuya abin. In aka buga wa yaron huruj, ko ta bi shi ta bar ƙasar da mijinta yake kwance, ta koma ƙauyen da yawancin waɗanda ta sani sun mutu, ko ta ɓuya a lungunan Manfuha ba takarda, ta sake rabuwa da ɗan da ta yi shekaru tana roƙon Allah Ya haɗa su. Ta gwada faɗin kalmar ita kaɗai a madafi, a'a, a'a, ta ji tana fita lafiya lau. Wannan ya fi ba ta tsoro. Musbahu bai roƙe ta ba, bai kuma ce mata ta faɗi gaskiya ba. Ya daina kallon ɓangaren labulen gaba ɗaya.

Wanda aka samo ya yi tafinta shi ne Malam Isma'il, ɗalibi ne a jami'a, ɗan Zariya, yakan zo gidan shan fura. Maikuɗi ya so ya karanta masa yadda zai yi. Malam Isma'il ya ce shi abin da aka faɗa zai juya, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba, wanda bai yarda ba ya nemi wani.

Ranar Juma'a aka share tsakar gida aka shimfiɗa darduma. Rana ta karkata amma bangon yana fitar da zafi kamar tanda. Abu Hamad ya shigo da rikodar da ya aro a hannu, ya zauna, ya ajiye igamar Musbahu a kan gwiwarsa, ya ɗora kaset a kanta. Mazan gidan suka jeru a jikin bango. Tabawa tana bayan labule, tana ganin ƙafafunsu da hannayensu kawai da gefen dardumar.

Malam Isma'il ya fara da kalmar. Ya faɗe ta da Larabci, ya faɗe ta da Hausa, ya ɗauki bulo ya ɗora a kan bulo ya ce wannan shi ne gina a wurinmu. Dattijon ya sa shi ya maimaita. Ya tambaya, to Dabo fa? Aka ce Dabo magini ta ce. Ya saki gemunsa ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, kwana da kwanaki yana tunanin ya yi shekaru yana salla kafaɗa da kafaɗa da mutum bai san shi ba. Har ya yi 'yar dariya. Mazan suka taya shi, Maikuɗi ya fi kowa ƙarfi. Tabawa ta ga hannun dattijon ya ɗaga igamar kamar zai miƙa.

Sai hannun ya tsaya. Ya juyo wajen labulen ya yi magana a taƙaice. Malam Isma'il ya juya mata maganar.

"Inna, ya ce ke mai salla ce, maganarki zai ɗauka, ba ta mazan nan ba. Ya ce ɗanki yana waƙa ko ba ya yi?"

Ta ji Maikuɗi ya yi gyaran murya. Ta ga ƙafafun Musbahu, yatsun sun ƙanƙame dardumar. Kalmar tana kan harshenta a shirye, ta riga ta gwada ta. Ta buɗe baki.

"Ka ce masa ran nan gini na nufa. Amma yana waƙa. Muryar da ke cikin abin nan tasa ce."

Wani daga cikin mazan ya ce inna lillahi a hankali. Malam Isma'il ya juya maganar, kalma da kalma. Abu Hamad ya mai da igamar kan gwiwarsa. Ya tambayi kiɗan fa, ina abin kiɗan yake. Tabawa ta ce ita ma ta ji shi a kaset, ta nema ba ta gani ba, yaron ya rantse mata ba shi da ganga, iyakar saninta ke nan.

Dattijon ya sa kaset ya danna. Muryar ta cika gidan, geron Iya ya yi kai, a ƙarƙashinta dim, dim, dim. Ya ɗaga yatsa yana nuna rikodar, ya dubi Musbahu, ya ce a fito da shi yanzu, ya gan shi da idonsa.

Musbahu ya tashi. Bai nufi ɗakinsa ba, ya zagaya bayan katanga, ya wuce uwarsa ba tare da ya dube ta ba, ya rungumo turmin ya fito da shi ya dire a tsakar gida, ya koma ya ɗauko taɓarya. Ya ce da Larabcinsa na wurin aiki, wannan ne, kuma ba shi ke bugawa ba.

Abu Hamad ya ɗaure fuska, ya ce shi ba yaro ba ne da za a yi wa wasa. Musbahu ya juyo wajen labulen.

"Inna, don Allah ki daka. Yadda kika saba."

Sai a lokacin ta gane. Duk Juma'ar nan da yake tambayar ko ta fara daka, ba fura yake jira ba. Kiɗan da ta zazzage jakarsa tana nema, kiɗan da ya hana ta barci, hannunta ne. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma igama tana kan gwiwar mutum. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fito gaban maza, abin da ba ta yi ba tun rasuwar Dabo. Aka zuba gero. Bugun farko ya kauce, na biyu ma. Ta ce bismillahi, ta rufe ido, ta bar jikinta ya yi abin da ya sani. Kaset yana dim, turmi yana dim, har suka hau kan juna, ba ka iya cewa wannan ne na rikoda wannan ne na ƙasa.

Dattijon ya kashe rikodar. Turmin ya ci gaba shi kaɗai, bugu biyu, uku, sannan ta tsaya.

Dattijon ya zuba wa turmin ido. Mutanen Najdu, yankin su Abu Hamad, suna da ɗan turmin tagulla da suke daka gahawa, kuma ba a daka shi haka kawai, sai an kaɗa shi ya yi amo maƙwabta su ji su zo. Kowace safiya ana kaɗa shi a gidan Abu Hamad. Da ya buɗe baki abin da ya fara faɗa ke nan, cewa ba zai iya haramta turmi ba, sai ya fara da gidansa. Amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce rikoda ba za ta sake kwana a gidansa ba, kuma ba ya son ya sake jin muryar ma'aikacinsa tana yawo a motoci. Ya dubi Maikuɗi ya ce wanda ya ce masa muryar daga Nijeriya take, daga gobe ya ajiye makullin wanet ya ɗauki shebur. Ya mai da kaset aljihunsa. Ya tashi da igamar a hannu, ya wuce Musbahu, ya ajiye ta a bakin turmin, a gaban Tabawa. Ya ce, "Amana, ya Hajja," ya fita.

Har yau in an tuna ranar ana musu. Malam Isma'il ya ce gaskiyarta ce ta cece su, don dattijon ya riga ya gane muryar tun a wurin aiki, da ta ce a'a da an gama. Maikuɗi kuwa, da ya yi watanni yana kwasar yashi kafin a mai da masa mota, ya ce turmi ne ya cece su, gaskiyarta saura kaɗan ta hau da su jirgi gaba ɗaya. Allah Shi ne masani.

Musbahu ya zama magini sosai, har ya riƙe ma'aikata. Bai sake ɗaukar murya a kaset a gidan ba. Daga baya, da ya riƙa zuwa gida hutu, ya yi wasu kaset da ganga ta gaske da 'yan amshi, amma waɗanda suka san na farkon sun ce ba su kai su ba. An ce makaɗan ƙauyensu sun yi ta gardama a kan wace irin ganga ce ta Larabawa mai wannan zurfi.

Tabawa ta tambayi malamai ko tana da zunubi. Aka ce mata ita gero ta daka. Duk da haka Juma'ar da ta biyo baya ta daɗe a tsaye da taɓarya ba ta buga ba. Da ta fara, ta ji ɗan nata ta bayan katanga ya soma rerawa ƙasa-ƙasa, ba rikoda, ba kowa. Ta tsaya. Shi ma ya tsaya. Gidan ya yi shiru, sai ƙarar injin kankare can nesa.

Ta ce, "Kai, mutane suna jiran fura."

Ta ɗaga taɓaryar ta ci gaba.